Land Cruiser 70, G-Wagon, Defender, Wrangler ko Hummer: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda ya tara kuɗi yana neman babbar mota mai jan ƙafa huɗu, wadda za ta ratsa yashi da taɓo ba gardama, da wuya bincikensa ya wuce sunaye biyar: Toyota Land Cruiser, Mercedes G-Wagon, Land Rover Defender, Jeep Wrangler da Hummer. Dukkansu sun taɓa sanya kaki, ko dai a bariki aka haife su ko kuma soja ya ɗauke su aiki tun suna sababbi, kuma masu tallarsu ba sa gajiya da tuna mana haka. A 'yan shekarun nan sai aka ɗora wani tallan a kan na farko, kowane kamfani yana cewa motarsa ta rage hayaƙi, ta koma lantarki, tana tausayin muhalli. Tallan biyu duk suna da ƙamshin gaskiya, amma babu wanda zai fitar da kai a cikinsu ranar da mota ta tsaya maka tsakanin Damaturu da Biu, ko tsakanin Tanout da Agadez. Abin da zai amfane ka shi ne ka san hannun da kamfanin yake a yau, ka san abin da ya saura na motar soja a ƙarƙashin bodin da ake nuna maka, ka kuma tabbata bakaniken garinku zai iya kwance ta ya mayar.

Bari a fara da Hummer, domin a labarinta komai ya fito fili. A 1983 rundunar sojan Amurka ta ba kamfanin AM General kwangilar ƙera motoci 55,000 da ake kira Humvee. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya nuna su a talabijin ɗin duniya, a 1992 kuma aka fara sayar wa farar hula da ita da sunan Hummer, bayan ɗan wasan fim Arnold Schwarzenegger ya dage sai an sayar masa. Waccan ta farko, wadda daga baya aka kira H1, motar soja ce ta gaske da aka ƙara wa kujeru masu taushi da na'urar sanyi, faɗinta ya haura mita 2. A ƙarshen 1999 General Motors ya sayi sunan, kuma daga nan lissafi ya canza. H2 da ta fito a 2002 a kan ƙashin manyan motocin Chevrolet da GMC aka gina ta, H3 ta 2005 kuma a kan na a-kori-kurar Chevrolet Colorado. Kamannin soja ne a waje, ciki kuwa motar kasuwa ce. Yawancin Hummer da kake gani a titunanmu waɗannan biyun ne.

H2 ta yi ƙaurin suna wajen shan mai. Nauyinta ya kusa tan 3, injinta mai silinda 8 ne mai lita 6, kuma a cikin gari da kyar lita ɗaya ke kai ta kilomita 4 zuwa 5. Tafiya ɗaya daga Kano zuwa Abuja za ta lashe lita 80 zuwa 100, abin da kowa ya san ma'anarsa tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. A Amurka ma masu rajin kare muhalli sun mayar da ita abin nuni, musamman da yake a daidai shekarun da General Motors ke tallar H2 ne yake karɓe ƙaramar motarsa mai lantarki, EV1, daga hannun masu haya yana murƙushe ta. Da kamfanin ya durƙushe a 2009, sai ya nemi sayar da Hummer ga wani kamfanin Chaina mai suna Sichuan Tengzhong. Hukumomin Chaina ba su sa hannu ba, ciniki ya watse a watan Fabrairun 2010, aka rufe Hummer a wannan shekarar. Ga mai saye a yau, ma'anar wannan ita ce kowace H2 ko H3 da za a nuna maka ta haura shekara 14 a duniya. Kayan inji da na giya suna samuwa domin irin na Chevrolet ne, amma fitila, gilashi, ƙofa da kayan cikin gida sai an jira su daga Amurka, galibi ma kwance.

Sunan ya dawo a ƙarshen 2021 a ƙarƙashin GMC, wannan karon da lantarki zalla. Ba ta da salansa, ba ta fitar da hayaƙi ko kaɗan, ƙarfinta ya kai doki 1,000. Sai dai nauyinta ya haura kilo 4,000, batirinta kaɗai yana da nauyin kusan kilo 1,300, wato nauyin Corolla guda, kuma yana cin wuta sama da kilowat-awa 200 kafin ya cika. A Nijeriya, inda gaba ɗaya wutar da ake rabawa ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, mai wannan mota a kan janareto zai dogara. Janareton man gas mai lafiya yana ba da kamar kilowat-awa 3 ko ɗan fiye a kowace lita, saboda haka cika batirin zai ci wajen lita 65 zuwa 70, a yi tafiyar kilomita 500 da ɗoriya. Idan ka raba, kusan lita 13 ke nan a kowane kilomita 100, daidai da abin da tsohuwar Land Cruiser mai man gas ke sha. Hayaƙin yana nan, sai dai a bayan gidanka yake tashi. Ba na ba kowa shawarar Hummer, tsohuwa ko sabuwa, sai wanda ke da wasu motocin aiki yana son ta don sha'awa kawai.

Jeep da Hummer 'yan gida ɗaya ne, abin da mutane da yawa ba su sani ba. A yaƙin duniya na biyu kamfanonin Willys da Ford suka ƙera wa soja ƙananan jif sama da 600,000, a 1945 Willys ya fitar da ta farar hula. Daga nan sunan ya shiga yawo hannu zuwa hannu: Kaiser ya saya a 1953, American Motors ya karɓa a 1970, kuma daga sashen motocin soja na wannan gida aka yanki AM General. Da Renault, wanda a lokacin mallakar gwamnatin Faransa ne, ya shigo American Motors da ƙarfi, sai ya zama dole a rabu da sashen sojan a 1983, domin dokar Amurka ba ta yarda gwamnatin wata ƙasa ta mallaki mai ƙera mata kayan yaƙi ba. Chrysler ya sayi American Motors a 1987, kuma kowa ya san Jeep yake so. Sai haɗewa da Daimler, kamfanin da ke ƙera Mercedes, a 1998, sai 'yan jari na Cerberus a 2007, sai Fiat bayan durƙushewar 2009, sai Stellantis a watan Janairun 2021, inda Jeep ta zama 'yar ɗaki ɗaya da Peugeot, wadda muka saba da ita tun zamanin 504 ta Kaduna.

Abin mamaki shi ne duk wannan yawo bai lalata ƙirar Wrangler ba. Har yau a Toledo ta jihar Ohio ake yin ta, bodi a kan shasi, aksul na ƙarfe guda gaba da baya, ƙofofi da rufi ana iya cire su. A kan duwatsu babu wadda ta fi ta daɗin sarrafawa a cikin biyar ɗin, musamman ƙirar Rubicon. Amma an yi ta ne don ɗan Amurka mai fita shaƙatawa a ƙarshen mako, kuma ana ganin haka a jikinta. Wurin kaya kaɗan ne, mai rufin tamfol ba ta tare ƙurar hunturu ko zafin bazara, a kan kwalta mai ramuka sitiyari na iya ɗaukar karkarwa idan kayan ƙafa sun fara sakewa, kuma a gwajin haɗari na Turai a 2018 tauraro ɗaya ta samu cikin biyar. Injin fetur ɗinta mai silinda 6, lita 3.6, ya yaɗu a motocin Chrysler da Dodge, don haka a kasuwar Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja ba za ka rasa kayansa ba. Da zarar ka yi nisa da manyan birane sai labari ya sha bamban.

Ta fuskar muhalli, tarihin gidan yana da tabo. A 2019 Fiat Chrysler ya amince ya biya kusan dala miliyan 800 a Amurka kan zargin sanya manhajar da ke ɓoye hayaƙin injin man gas a motoci kimanin 100,000, ciki har da Jeep Grand Cherokee. A wannan shekarar kuma ya biya Tesla maƙudan kuɗi don a haɗa lissafin hayaƙin motocinsu a Turai, ya kauce wa tara. Doka ta yarda da hakan, amma ko mota ɗaya ba ta rage hayaƙi saboda shi ba. Wrangler 4xe da ta fito a 2021, mai haɗa fetur da batirin da ake caji, tana tafiyar kusan kilomita 34 da lantarki kafin inji ya karɓa. An sha kiran waɗannan motoci a dawo da su saboda haɗarin gobara a batir, har aka ce masu su daina caji kuma su riƙa ajiye su nesa da gini kafin a gyara. Wanda zai sayi 4xe da aka shigo da ita daga Amurka ya duba lambar shasinta a shafin hukumar kiyaye haɗurran ƙasar, ya tabbatar an yi gyaran kafin ta hau jirgi.

Land Rover ita ce ta fi daɗewa da mu. A kan shasin jif ɗin soja aka gwada ta farko, aka nuna ta a Amsterdam a 1948 a matsayin motar manomi, ba a jima ba sojan Birtaniya ya ɗauke ta. Ita ta yi wa jami'an En'e da malaman gona da na dabbobi hidima a ƙasar nan, kuma har yau a tsaunin Mambila tsofaffin Land Rover ne ke hawa da sauka da kaya a hanyoyin da wasu motocin ba sa kusanta. Dalilin rayuwarsu a bayyane yake: bodin alminiyam ba ya tsatsa, kuma kusan komai da sifana ake kwance shi.

Kamfanin ya bi ta hannun BMW a 1994, ya koma Ford a 2000, sannan Tata na Indiya ya saye shi tare da Jaguar a 2008 a kan dala biliyan 2.3. Tata ya zuba kuɗi ya ceci kamfanin, wannan babu musu. Amma hanyar da aka bi aka samu riba ita ce ta komawa motocin alfarma. A watan Janairun 2016 tsohuwar Defender ta fita daga masana'antar Solihull a karo na ƙarshe, domin ba za ta iya cika sababbin dokokin hayaƙi da na kariya ba. Wadda ta gaje ta a 2019 suna kaɗai suka haɗa. A Slovakiya ake yin ta, ba ta da shasi daban, ƙafafunta huɗu kowace da nata motsi, yawancinsu a kan shokar iska suke, kuma ƙananan kwamfutoci 85 ne ke tafiyar da ita.

Kada a ɗauka kushe ta nake yi. A cikin biyar ɗin, sabuwar Defender ce na fi yarda in ɗauki iyali a cikinta a doguwar tafiya. Ta samu taurari biyar a gwajin haɗari na Turai, tana shiga ruwa mai zurfin santimita 90, kuma a kan hanya mai gargada kamar ba a ƙasa take ba. Matsalar tana zuwa ne ranar da ta yi ciwo. Shokar iska idan ta huje mota zama take yi a ƙasa, kuma na'ura ɗaya ta rikice sai allon gaba ya cika da gargaɗi, ba mai gane bakin zaren sai wanda ke da kwamfutar kamfanin. Injinan man gas ƙirar Turai suna da matatar toka a salansa da tankin ruwan AdBlue mai rage gubar hayaƙi, kuma ba sa jure mai mai yawan sulfa. Ƙasashen ECOWAS sun amince a 2020 da a rage sulfa zuwa kashi 50 cikin miliyan, matatar Dangote ma ta fara fitar da man gas a 2024, amma wanda ke shan mai a ƙauyuka da hannun 'yan bumburutu ba shi da tabbacin abin da ake zuba masa. Idan Defender ce zaɓinka, ka ɗauki mai fetur, ka saya a hannun dillalin kamfani da garanti, kuma ya zama kana zaune inda garejinsu yake kusa. Tsohuwar kuwa, yawancin masu lafiyar da ke kasuwa daga Ingila suke, sitiyarinsu a dama, alhali tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Sitiyarin da aka juya a gefen titi abin tsoro ne a mota mai wannan nauyi.

Akwai wani attajirin Birtaniya, Jim Ratcliffe, mai kamfanin sinadarai na Ineos, da ya ji haushin kashe tsohuwar Defender har ya ƙera tasa mai suna Grenadier, da injin BMW da aksul na ƙarfe, a wata masana'anta a Faransa da ya saya daga Mercedes. Mota ce mai ƙwari, amma sai a 2022 aka fara yin ta, kuma kayanta ba su shigo kasuwanninmu ba tukuna.

G-Wagon ita ce ta fi kowa riƙe siffarta. Tun 1979 a birnin Graz na Ostiriya ake haɗa ta, aikin haɗin gwiwa tsakanin Mercedes da Steyr-Daimler-Puch, wannan dai Steyr ɗin da ya kafa masana'antar manyan motoci da taraktoci a Bauchi. Sojan Jamus na kiran tasu Wolf. Peugeot kuma ya karɓi lasisi ya yi wa sojan Faransa tasu da sunan Peugeot P4, ya sanya mata injin 504, kuma ita ce jif ɗin da suka daɗe suna yawo da ita a Chadi da sauran ƙasashen Sahel. A 1998 kamfanin Magna na Kanada ya sayi masana'antar Graz, kuma har yau shi ke haɗa motar a madadin Mercedes. Shi kansa Mercedes ba a taɓa saye shi ba, sai dai manyan masu hannun jarinsa biyu a yau 'yan Chaina ne, kamfanin BAIC da Li Shufu mai Geely, kowannensu da ɗan ƙasa da kashi 10 cikin 100.

A ƙarƙashi, G-Wagon tana nan da shasinta da makullan ƙafa guda uku, na gaba da na tsakiya da na baya, abin da ke sa ko taya ɗaya ce ta samu ƙasa mai ƙarfi za ta ja motar ta fita. Amma wadda ta cika Maitama da Asokoro ita ce G 63, mai injin silinda 8 da turbo biyu, doki 585, da manyan rim da siraran tayoyi da salansa a gefe ƙasa da ƙofa. Da wannan shiri ba mai shiga daji, dutse ɗaya zai fasa tayar da kuɗinta ya isa sayen babur. Game da shan mai kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ta fi sauran da shi shi ne riƙe daraja: G-Wagon mai lafiya ba ta faɗuwa a kasuwa kamar Range Rover ko Wrangler. A 2024 aka fitar da mai lantarki, G 580, da injin lantarki huɗu, kowace taya da nata, da batiri mai kilowat-awa 116, nauyinta ya ɗan haura tan 3. Shi ma Daimler ya biya hukumomin Amurka dala biliyan 1.5 a 2020 kan batun hayaƙin injin man gas, don haka ba shi da bakin yi wa Jeep gori.

Saura Land Cruiser, kuma a kanta zan fi tsayawa, domin ita mafi yawan masu karanta wannan za su iya amfana da ita. A 1951, lokacin yaƙin Koriya, Toyota ya ƙera wata jif mai suna BJ don rundunar tsaron Japan. Bai samu kwangilar ba, Mitsubishi ya samu, sai ya juya ga 'yan sanda da ma'aikatan daji da kasuwannin waje, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Ƙirar 70 ta fito a 1984 kuma har yau ana yin ta: 79 a-kori-kura, 78 doguwa mai ɗaukar mutane da ake mayar da ita motar asibiti, 76 mai ƙofa biyar. Shaidarta a fagen daga a makwabtanmu aka rubuta ta. A 1987 dakarun Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous, a kan Land Cruiser da Hilux ɗauke da makaman harbo tanka da Faransa ta ba su, suka fatattaki sojan Libiya masu tankoki a Fada da Wadi Doum, har aka riƙa kiran wannan yaƙi da sunan Toyota.

Ba wanda ya taɓa sayen Toyota, shi ne ma ke saye. Sayen da ya fi shafar mu shi ne na 2012, lokacin da Toyota Tsusho, reshen kasuwanci na gidan, ya karɓi CFAO, tsohon kamfanin Faransa da ke dillancin motoci a Yamai da Njamena da Yawunde da sauran biranen yankin. Mai ƙera motar da mai kawo kayanta sun zama gida ɗaya. Ka ƙara da kasuwar bayan fage: daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna zuwa Agadez, kayan Land Cruiser sabo da kwance ba sa yankewa. Injin 1HZ, mai man gas, silinda 6, lita 4.2, tun 1990 yake aiki. Ba shi da turbo, famfon mansa na ƙarfe ne ba na kwamfuta ba, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, kuma yana haƙuri da man da zai kashe injin Turai cikin wata ɗaya. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji suke ta sayensa har gobe. Waɗanda ake shigowa da su daga Dubai galibi masu fetur ne, silinda 6, lita 4, sun fi gudu kuma sun fi shan mai. Tun 2023 akwai mai sabon injin lita 2.8 da giya atomatik, mai ƙarfi da tsimin mai, amma shi ma ya shiga sahun masu buƙatar tsabtataccen mai da kwamfuta.

Sunan Toyota na mai kula da muhalli daga Prius ya samo shi, motar da ta fito a 1997 tana haɗa fetur da lantarki. Suna ne da aka samu da aiki, amma bai kamata a shafa wa kowace Toyota shi ba. Injin 1HZ ba zai wuce gwajin hayaƙi na Turai ba, kuma baƙin hayaƙin da yake fitarwa idan nozul ya gaji huhun yaran unguwa yake shiga. Gidan ma yana da nasa laifin: a 2021 ya biya tarar dala miliyan 180 a Amurka saboda jinkirin kai rahoton matsalolin hayaƙi, a 2022 aka gano reshensa na manyan motoci, Hino, ya daɗe yana murɗa sakamakon gwaji, a watan Janairun 2024 kuma aka dakatar da fitar da wasu motoci, har da Hilux da Land Cruiser 300, saboda maguɗi a gwajin ƙarfin injin man gas. Abin da zan iya faɗa don kare 70 shi ne tana shekara 25 ko 30 tana aiki, kuma motar da ba a sake ƙera wata a madadinta ba ta tsimin ƙarfe da wuta mai yawa. Wannan hujja tana tsayawa ne kawai idan mai motar yana gyara nozul da famfo a kan kari.

Aibinta na yau da kullum shi ne wahala. Bayanta a kan sifirin ganye yake, idan babu kaya tsalle take yi, kujerun ba na doguwar tafiya ba ne, kayan kariyarta kuma ba su kai na Defender ba. Sannan akwai batun tsaro da bai kamata a ɓoye ba: 79 mai ruwan ƙasa ita ce motar soja kuma ita ce motar 'yan bindiga a yankinmu, don haka ɓarayi na nemanta, masu shingen bincike ma suna kallonta da wani ido. Ka sayi fara, ka riƙe takardun kwastan na asali, kuma ka sani a Nijeriya doka ta hana farar hula tuƙa mota mai koren fentin soja.

Wanda batun iska ya dame shi da gaske, lissafinsa ya fara daga rufin gidansa. Sola mai kilowat 5 a ranar Kano ko Zinder tana ba da sama da kilowat-awa 20 a wuni. Wannan ya isa cika batirin Wrangler 4xe mai kilowat-awa 17, ko na Defender mai caji mai kusan 19, kuma zirga-zirgar ofis da makarantar yara za ta tafi ba a taɓa fetur ba. G 580 za ta buƙaci wajen kwana 5 a kan wannan solar, Hummer kuma kusan kwana 10. Mota mai caji da ba a cajinta tana iya fin mai fetur zalla shan mai, domin tana jan nauyin batirin banza. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 yana tsufar da batir da wuri, saboda haka rumfa wajibi ce. Idan kuma hanyarka ba ta wuce ƙauye da gona ba, kaya ba su da yawa, ƙaramar Suzuki Jimny mai nauyin tan ɗaya da 'yan kai za ta kai ka inda waɗannan za su kai ka da rabin mansu.

Ga yadda zan raba su. Mai gona mai nisa, mai haƙar ma'adinai, mai kwangilar rijiyoyi, asibiti ko ƙungiyar da ke kai magani inda babu kwalta, ya ɗauki Land Cruiser 70 mai 1HZ, ya haƙura da tsallenta. Magidancin da kashi tara cikin goma na tafiyarsa a kwalta ne kuma yana Abuja ko Legas, Defender mai fetur da garanti za ta fi kare masa iyali. Idan yana Gusau ko Maraɗi ko Garwa, to ya bar duka biyun ya nemi Prado, wadda 'yar gidan Land Cruiser ce mai taushi kuma kayanta suna ko'ina. G-Wagon ta mai kuɗin da ke son ajiye dukiya a mota ce, kuma ko shi G 500 mai tayoyi masu kauri za ta fi yi masa aiki a kan G 63. Wrangler ta zama mota ta biyu a gida.

Kowacce ka tsayar, kada ka biya sai ka je da bakaniken da zai riƙa gyara maka ita, ba na dillali ba. A ɗaga ta a duba shasi ko an taɓa walda shi, a sa giyar taimako da makullan ƙafa a ji sun shiga sun fita, a jona kwamfuta a ga ko an goge wani gargaɗi kwanan nan, a kuma duba ƙarƙashin kafet da cikin fitilu, domin motocin da ambaliya ta cinye a Amurka da Dubai suna yawan ƙarewa a tashoshin Kwatano da Legas.